Hoton Kaka a Kan Kwali

Houston, ranar Lahadi

Mama,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar taki? Kawu Alcide ya gyara rufin kuwa, ko har yanzu bokiti kike tarawa? Ni lafiya lau. Wankin otal ne dai yake cin hannu, amma ba wani abu ba ne.

Mama, na ga Yaya Clovis, ɗanki da ya ce ciwo ne ya hana shi zuwa New Orleans jana'izar Kaka Eulalie.

Jiya abokan aiki suka ja ni wani shagon alewa da ake bin layi har bakin titi. Ina ɗaga kai sai ga hoton Kaka a kan kowane kwali, hoton nan da ya ɓace daga bangon ɗakinki. Aka ba mu ɗanɗano, na gutsiri alewar nan tamu ta pralin, wallahi irin wadda Kaka take yi ce, har ɗan gishirin. Ga Yaya a bayan kantar shagon, ya yi ƙiba abinsa.

Na ce, "Yaya Clovis, ashe kana garin nan?"

Ya dubi layi, ya ce, "Baiwar Allah, preilin nawa za a ba ki?"

Preilin, Mama! Kalmar da Kaka take buge mana baki da ludayi in mun faɗa, ta ce baƙi ne kawai suke kiranta haka, 'yan gida pralin suke cewa.

Ya ƙara min beignet ɗaya, fanken nan mai garin sukari, wai gyara. Garin sukarinsa ya zuba a baƙar rigar da nake sawa don makokin Kaka. Ban karkaɗe ba.

Ki gaida kowa, Allah ya ƙara miki lafiya. Kuma ki daina ajiye masa jan wake ran Litinin ko zai dawo. Ya ƙoshi.

'Yarki,
Odalie