Ka Duba Harshenka, Baldomero

Zuwa ga Baldomero, hasken idona, garwashin murhuna a ƙasar da ko bazara sai da bargo, zumar cikin shayina, kuma babban macucin da ya taɓa ɗaura wa doki sirdi a gandun dajin nan. Ina fata ka sauko daga dutse lafiya, kai da dawakanka da tukwanen gas ɗin da kuke hawa da su. So nake ka iso da ranka, don ni zan cire shi da hannuna.

Ka san ranar da na iso masaukin baƙin nan daga tsibirin Chiloé na rantse bazara ɗaya zan yi, in na ƙara a aske mini kai. Me zan dawo yi? In ci gaba da gyara gadon Turawan da suka biya kuɗin jirgi don su zo su yi tafiyar ƙasa har ƙafarsu ta ɗuri ruwa? In riƙa tsince safarsu daga bakin murhu, safar da ko dila ya shinshina sai ya tuba? Ga iskar da ta fizge mini zanen gado daga igiya ta kai shi Ajantina ba fasfo. Shi ya sa na kame bakina daga kalafate, 'ya'yan itacen nan masu rina baki shuɗi. Kowa a nan ya sani, wanda ya ci 'ya'yan ƙayar nan sai ya dawo, ko yana so ko ba ya so. Baƙi suna shafawa a burodi suna dariya, ni ko cokalin ban taɓa lasa ba. Doña Herminda mai girki har cewa take yi, "'Yar nan, ke kaɗai ce a kicin ɗin nan mai farin haƙori da baƙar zuciya."

Sai ga ka. Ya rabin raina, wa ya aike ka? Ka tuna ranar hutunmu a bakin tafki, da ƙanƙara ke yawo a kan ruwa, iska kuma ta tafi hutu ita ma? Ka ɓace bayan duwatsu, ka dawo riƙe da hularka cike da kalafate, ƙaya ta yi wa hannunka kaca-kaca. Ka ce, "Yasna, ɗanɗana ɗaya mana, ai ba ya cizo." Ban kalli hular ba, hannun na kalla. Mutumin da ko sannu sai an roƙe shi ya zub da jini saboda ni! Na ɗauki ɗaya, na ƙara, na cinye hula guda, bakina ya koma kamar ulun da kakata ta rina. Ranar na san ina sonka, kuma ban ji kunyar sani ba. Washegari manaja ya ga haƙorana, bai ma tsaya tambaya ba, ya ce gadona na baɗi yana nan. Na ce masa na gode, ina washe baki kamar gonar auduga, sai dai tawa audugar shuɗiya ce.

Shekaranjiya muna feraye dankali Doña Herminda ta ce, "Allah sarki, za mu yi kewar Baldo." Na ce ina za shi? Ta ajiye wuƙa ta dube ni. "Au, bai gaya miki ba? Arewacin ƙasar nan za shi ranar Asabar, tuƙin mota a ramin haƙar tagulla. Ba ki lura bana ko ƙwaya ɗaya ta kalafate bai sa a baki ba? Tsoro yake kada ta dawo da shi."

Sai na tuna. Kai ka riƙe hular, ni na ci. Kana kallona kana murmushi, haƙoranka fari tas! Ka ɗaure akuya a turke, ka saɓa igiyarka za ka yi gaba. Wato ni in dawo baɗi in yi ta fama da safar Jamusawa, kai kana can cikin hamadar da ko ciyawa ba ta yarda ta zauna ba? Wa zai riƙa leƙo tagar kicin yana ƙaryar neman ashana? Wa zan zaga in ji daɗi?

Bari in ajiye wasa. Na yi kuka a ɗakin wanki har injin ya gama juyi. Na san dalilinka: aikin doki na wata huɗu ne, sauran shekara sai kallon iska, kuma kana ganin ba a neman mace da sirdi kaɗai. To wa ya tambaye ka mota? Ni mai warin doki nake so, mai hannun ƙaya. Da ka buɗe bakin nan naka mai nauyin dutse ka tambaye ni, da ka ji. Kada ka hau motar Asabar, Baldo. In kuwa tafiyar ta zama dole, zo ka faɗa mini ido da ido, mu san yadda za mu raba hunturu tsakanin hamadarka da tsibirinmu.

Amma don kada ka ce ban yi maka adalci ba: ka tuna gasasshen ragon da ka ci da safen nan kafin ka hau dutse? Mai baƙin romon nan da barkono ya yi wa yawa, wanda ka ce a ƙara maka, har ka suɗe kwanon da burodi? Doña Herminda ta riƙe tukunya, ni na zuba. Akwai fasasshen madubi a bayan ƙofar bargar dawaki. Je ka zaro harshenka ka duba.

Sai ka tafi arewan mu gani.

Taka har iskar nan ta gaji da kaɗawa, mai jiranka a tagar kicin da ashana a aljihu,

Yasna