Rigunan Yaya a Lambu

Zuwa ga Yayana,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ya jiki, ya ƙafa? Allah ya ƙara sauƙi. Inna na gaishe ka, matarka ma haka, har akuyar nan da kake zagi tana cigiyarka.

An ce kana shirin gudowa daga asibiti ka dasa tumatirinka da kanka, wai ni ban iya komai ba sai ɓoye wa mutane takalma. To ka kwanta, na riga na dasa. Tun safe na shayar da wurin renon tsirran har ƙasa ta yi laushi, na jira rana ta yi sanyi. Kowane tsiro da ƙasarsa na tono shi, ban kakkaɓe saiwa ba. Na rage ganyen ƙasa, na zuba ruwa a rami kafin in sa shi, na rufe gindi da busasshiyar ciyawa.

Saura inuwa. Na roƙi Inna tsofaffin buhuna, ta hana, wai ta san wani zan ɗana wa tarko. Sai na buɗe akwatinka. Yanzu rigunanka suna lambu a kan sanduna, har da farar nan da ba ka bari a taɓa.

Ka huta lafiya.
Ƙaninka, Autan Inna

Yayana,

Sallama, da fatan ka tashi da sauƙi. Duk gida lafiya.

Ashe matarka ta je lambu da tsakar rana, ta ga tsirran tumatirin sun langaɓe, ta aika maka sun mutu, kai kuma har ka sa a nemo maka sanda. Yaya, likita ya ce in ka taka ƙafar nan yanzu, ƙashin zai goce. Wannan karon ba wasa nake ba.

Dashe ba a duba shi da rana. Yau da sassafe na ja ta muka je, duk sun miƙe cur, ban da 'yan waɗanda kaza ta tone. Na san maganata ba ta shiga kunnenka, shi ya sa na naɗe sabon toho a cikin takardar nan. Murza shi ka sansana. Matacce ba ya wannan ƙamshin.

Su sun haƙura inda aka sa su, sun kama. Kai ma ka haƙura, a mayar da sandar.

Farar rigar kuwa, akuya ta cinye hannu ɗaya. Ta ce a gode maka.

Allah ya tashi kafaɗunka.
Ƙaninka, Autan Inna