An Yarda da Ke, Ammi

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ɗa ga uwa, ina fatan makwancinki yana da sanyi da yalwa. Daga Gumel nake rubuto miki, a gidan da kika bar ni.

Ammi, an yarda da ke. Masu binciken jini sun bi Larabawan Shuwa, danginki, sun ɗebi yawunsu a kwalba, sun duba ƙwayoyin gadon da ke ciki. Sun ce lallai daga gabas kuka taho a bayan shanu, ta ƙasar Sudan har bakin Tafkin Chadi. Yanzu magana ta zama ilimi, tunda kwalba ce ta faɗa.

Ke kuwa tun ina ƙarami kike faɗa mini, kina kaɗa nono a tsakar gida. Kina jero sunayen rijiyoyin da kakanninki suka shayar, ɗaya bayan ɗaya, ba kya tsallake ko guda. Kika ce kakarki a kan takarkari ta yi ƙuruciyarta, ita da tabarmi da tukwane.

Na tuna yadda kike ba mu madara da ɗuminta daga hantsa. Mu mu shanye lafiya, Baba kuwa ya kurɓa kaɗan cikinsa ya yini yana ƙugi. Sai ki yi dariya ki ce, "Malam, tsaya a nononka mai tsami, wannan ta masu tafiya ce." To har wannan sun gano. Wai jure ɗanyar madara gadon makiyaya ne, a jini yake.

Da na kai jami'a na rubuta labarinki kaf na miƙa. Malamin ya dawo mini da shi yana dariya, ya ce hirar tsohuwa ba hujja ba ce. Waɗanda suka taya shi dariya sun zama manya. Ni na ƙare ina koyar da tarihin wasu har na yi ritaya. Babu wanda ya zo ya ce mini yi haƙuri, ban kuma sa rai ba.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Kin san mashayar nan ta wajen garin Sule Tankarkar, inda yayanki Kawu Adamu yake shayar da garkensa. Jikokinsa ne a wurin yanzu. Wasu suna so su shinge ta su yi lambu, kuma ɗaya daga cikinsu ya tsinci labarin binciken nan a waya. Ya tsaya a gaban Hamdan, babban jikan Kawu, ya ce masa, "Ai likitoci ma sun tabbatar ku baƙi ne, ku koma inda kuka fito." Jiya an ce kin yi ƙarya don kin ce daga gabas kuke. Yau gaskiyar taki ce sandar korar jikokinki.

Rabin labarin ya karanta, Ammi. Binciken ya ce jininku ya gauraya da na mutanen da kuka zauna da su a hanya, kun aura, an aure ku. Ni kaina ɗan wa ne, in ba ɗan Bashuwa da Bamange ba? Su Mangawan Baba da suka kafa Gumel, daga ƙasa suka tsiro? Ai su ma daga gabas suka taho.

Ranar Juma'a bayan an sauko za a zauna a ƙofar dagaci. In aka rufe mashayar, sai Hamdan ya kora shanun zuwa kasuwar Maigatari ya sayar, ko ya tsallaka iyakar ƙasa da iyalinsa. Zan je. Ƙafata ta yi nauyi, amma bakina yana nan. Zan tambaye su ɗaya bayan ɗaya inda kakan kakansu ya sha ruwa. Wanda ya iya rantsewa a nan ne, shi ya fara kafa shingen.

Allah Ya jiƙanki, Ammina, Ya haskaka kabarinki, Ya shayar da ke daga Alkausara. Ni kuma Ya ba ni tsawon numfashin da zan gama maganata ranar Juma'a.

Ɗanki da bai taɓa ƙaryata ki ba,
Habu