Muryar Baba da Tattabarunsa

Assalamu alaikum Yaya Binta,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya maigida da yara? Ina fatan ƙafar Inna ta yi sauƙi, Baba ma yana nan ƙalau. Ni lafiya nake nan Alƙahira, sai kewarku.

Mu uku ne a ɗakinmu: ni, wata Baturkiya, da wata 'yar Bulgeriya. Kowacce tana da "baba", kalmar iri ɗaya ce sak. A wurin Baturkiyar mahaifi ne, kamar mu. A wurin ɗayar kuwa kaka ce. Kakar tata ta rasu kafin azumi, ita kuma ba ta samu zuwa gida ba.

Jiya da la'asar muna shanya a saman bene, ta kunna mana muryar tsohuwar tana kiran kajinta. Ba mu gane komai ba, amma muka tsaya muna saurare. Tattabarun maƙwabta suna ta shawagi, sai na gan ni a tsakar gidanmu, Baba yana watsa wa nasa gero yana yi musu faɗa.

Yaya, na bincike wayata kaf, babu muryarsa. Kin san shi, daga "lafiya lau" sai "ga Innarku."

Don Allah ki ɗaukar mini shi yana tsakiyar tattabarun nan. Kada ki gaya masa, sai ya gyara murya ya kama yi mini wa'azi. Ni faɗan nake so.

Ki gaishe mini da kowa. Ku sa ni a addu'a, ku sa tsohuwar nan mai kaji.

Ƙanwarki,
Hadiza