Da Sauƙi

Tanut, daren Laraba, Rabi'ul Awwal 1345

Yau lokotoro, likitan Nasara, ya yaba mini, yabon kuma ya hana ni barci. Wata biyu yana gwada sabon maganin masassara, ni ina riƙe masa kaye, littafin rubuta sunaye: layi ɗaya na waɗanda suka warke, ɗaya na waɗanda ba su warke ba. Layin farko ya cika fal. Ya ce zai kai ni Damagaram in koyi ƙidaya ta gaske.

Duk littattafan da na sauke, ashe ban san Hausa ba. Duk wanda na tambaya ya jiki, sai ya ce "da sauƙi", ni kuwa in sa shi cikin warkakku. Wane Bahaushe ya taɓa cewa babu sauƙi?

Da la'asar na gamu da Inna Hajo ta Gangara, na tambaye ta jikin mijinta. Ta ce, "Malam, ai mun rufe shi ran Lahadi." Na ce, "Amma ya ce mini da sauƙi!" Ta ce, "To so kake ya yi wa Allah butulci a gabanka?"

Sunansa na layin farko, da kyakkyawan rubutuna. Jibi takardar sakamakon za ta tafi, a raba maganin ko'ina. Gobe zan ce wa lokotoro mu sake ƙidaya, mu riƙa taɓa goshi maimakon tambayar baki. Zuwa Damagaram ya sha ruwa. In lokotoro ya tambaye ni yaya na ji, na san bakina: "da sauƙi" zai ce.