Kukan Jitar Kawu Jacob

Yelwa, ranar Talata.

Zuwa ga Maman Nusaiba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da jaririyarmu. Yaya wankan jego? Yaya Innarki da duk mutanen Shanga? Ni lafiya lau, sai kewarku.

Tunda sabis ɗinku ya ɗauke wayarki ba ta shiga, shi ya sa na ba direba wannan takarda. Albishirinki, an ɗauke mu wasa a bikin Hussaina, 'yar wani masunci a wani ƙauyen bakin ruwa gaba da Wara, ranar Asabar bayan la'asar. Kuma Kawu Jacob ya bar mini jitarsa. Kin san ta, jar nan mai ƙaton ciki da tsaga biyu a fuska, wadda ya shekara talatin yana kaɗawa a cocinsu. Ya ce yatsunsa sun daina jin maganarsa, gara ɗan ƙanwarsa ya riƙe ta.

Rukayya matata, muryar jitar nan daban ce. In na taɓa ta a hankali, sauti ne mai kauri, mai taushi. Amma da na jona ta da amfilifaya, wato akwatin lasifika, na ƙara murya, sai ta saki wani ihu mai huda kunne, alhali ban taɓa tsirkiya ba. Kawu ya aiko in je Ngaski ya nuna mini halinta kafin bikin. Ina lokaci? Kullum muna wurin gwaji. Zan dai riƙa rage murya.

Ki shafa mini kan Nusaiba.

Naki,
Arzika.

Ƙauyen bikin, ranar Lahadi.

Maman Nusaiba,

Sallama da gaisuwa. Allah ya sa kuna lafiya. Ki zauna kafin ki karanta, kuma kada ki firgita, jikina babu rauni. A zauren maigari nake rubutu, an hana ni fita. Wani mai kwalekwale ya yarda zai kai takardar tasha.

Jiya mun fara wasa lafiya. Jama'a ta cika fili, janareto yana ta ƙugi, matan da ke baya suka yi ta cewa ba sa ji. Amfilifayar tana ƙasa, daidai bayana. Wani abokin ango ya zagayo ya murɗe ta har ƙarshe. Jitar ta yi wannan ihun, sai dai ya ninka na gida sau goma, dogo, ba yankewa.

Ashe makonni biyu da suka wuce 'yan bindiga sun shiga ƙauyen da ke maƙwabtaka da su. Tun ranar suka yi shawara cewa duk wanda ya ji jiniyar 'yan sa-kai, ya nufi ruwa. Sai suka ɗauka ita ce, kafin in fizge wayar jitar fili ya yamutse. Mata da goyo, tsofaffi, kowa ya yi gaɓa da gudu. Kwalekwale ɗaya ya kife, Allah ya taimaka wurin ba zurfi. Amma an tattake Hansatu, kakar amarya, ƙugunta ya karye. Ina jin kukanta daga inda nake tsaye da jitar a wuyana.

Da aka ga babu wani ɗan bindiga, sai magana ta juya. Wani ya ce ya hango babura a kan hanya lokacin ƙarar. Wani ya ce alama ce na yi wa ɓarayin daji, su san an taru. Kin san abin da ake yi wa wanda aka kira infoma a wannan yanki. Bello, shugaban 'yan sa-kai, ya karɓe wayata. Na rantse musu jitar ce take yin haka da kanta. Ya ce to, ta yi su gani. Aka jona ta a cikin zaure, na ƙara murya kaɗan saboda tsoro, ta ƙi yin ko tari. Rukayya, da ma ban ce a gwada ba. Bello ya dube ni kawai ya fita.

Yanzu samari suna waje da gorori. Maigari ya shimfiɗa buzunsa a bakin ƙofa ya zauna, ko salla a nan yake yi. Ya ce gobe da hantsi za a yi zama, in babu hujja ba zai iya riƙe su ba. Mai gangarmu ya tafi Ngaski neman Kawu. Ban sani ba ko tsohon zai iya hanyar.

Da na ba shi yini ɗaya kamar yadda ya nema, da duk wannan bai faru ba. Kada ki gaya wa Innata. Ki yi mini addu'a, in kuma na taɓa ɓata miki, ki yafe mini.

Mijinki,
Arzika.

Yelwa, ranar Laraba.

Zuwa ga Rukayya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da ɗawainiya da zullumi. Yaya jikinki da na yarinya? Ina gida, Alhamdu lillahi.

Kawu ya iso Litinin a bayan ɗan acaɓa, ana shirin fara zama ba shi. Bai roƙi kowa ba. Ya gaida maigari, ya ce a mayar da kayan kiɗan fili, kowane a inda yake ranar biki. Sannan ya rataya wa Bello jitar da kansa, ya tsayar da shi ya ba amfilifaya baya, ya ce wa jama'a kowa ya toshe kunne, kada wanda ya gudu. Ya murɗe murya. Ta kurma ihu a ƙirjin Bello, har ya yi tsalle ya ɗaga hannuwa sama. Kawu ya ce ya matsa gefe taku uku, ta yi shiru. Ya ce ya koma, ta sake. Sau uku aka yi haka.

Sai ya yi musu bayani. Cikinta fanko ne. Ƙarar lasifika tana shiga ciki ta girgiza katako, katako ya girgiza tsirkiya, ƙarfen da ke ɗaukar sauti ya ji ya sake mayar wa lasifika, haka abin zai yi ta zagayawa yana ƙaruwa.

Ya sa aka kawo guntun soson katifa, ya yanka ya cusa a tsagogin nan biyu. Ya kifa turmi ya ɗora amfilifayar a kai, can gefen haguna, bakinta yana kallon jama'a. Ya rage kaurin sautin, ya mayar da muryar jikin jitar bakwai maimakon goma, ya nuna mini in riƙa kwantar da gefen tafina a kan tsirkiya duk lokacin da na tsaya. Sannan ya ce, “Kaɗa, ɗana.”

Na karɓi jitar. Na kaɗa waƙar amarya. Ban taɓa jin sauti mai tsabta irin wannan daga hannuna ba, kowace tsirkiya da muryarta, har masu gyaran taru a bakin ruwa suka ɗago kai. Babu wanda ya yi tafi. Bello ya miƙo mini wayata ya ce in yi haƙuri, samarin suka watse ɗaya bayan ɗaya.

Kafin mu tafi na roƙa a kai ni wurin Hansatu. Tana kwance, an yi mata ɗori. Mai ɗorin ya gaya mini a waje cewa da wuya ta sake taka ƙafar har bakin ruwa, ita da ta shekara arba'in tana bandar kifi a can. Na durƙusa a gabanta. Ta daɗe tana kallona. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma zage ni ba. Ta ce ta ji kiɗan daga nan inda take. Ta ce saboda ita an ɗage kai Hussaina ɗakinta, yarinya tana ta kuka. Ta ce in dawo Asabar in ƙarasa abin da na fara, za a fito da ita a kan gado ta gani da idonta, kuma in ajiye akwatin nan inda tsohon ya ajiye shi.

Na ce mata to. Don haka ba zan zo Shanga wannan makon ba, ki yi haƙuri. Gobe zan tafi Ngaski in zauna da Kawu kwana biyu. Gabana yana faɗuwa in na tuna filin nan, Rukayya, amma zan je.

Ki gaida Inna da kowa. Allah ya sada mu da alheri.

Naki har kullum,
Arzika.