Ɓangaren Rana

Baba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ya ƙafar? Tunda ka daina ɗaukar wayata, na ba direban ƙungiya wannan takarda ya kawo maka.

Ni na sa aka rufe ɓangaren inuwa na filin ƙwallon ƙafarmu, ba manaja ba, kada ka zage shi a banza. Gidan talabijin wasa ɗaya suke haskawa ranar Asabar da yamma, kuma 'yan ƙwallon kwando da 'yan dambe duk sun sa ido a kan lokacin. Masu talabijin sun ce za su gwada mu wannan Asabar. In suka ga filinmu wayam, shi ke nan. Mai ƙungiya kuwa ya rantse in babu talabijin zai kwashe 'yan wasansa zuwa wani gari.

Kyamararsu a ɓangaren inuwa ake kafa ta, ɓangaren rana kawai take ɗauka. 'Yan kallonmu ba za su cika gefe biyu ba, amma za su cika ɗaya. Don Allah ka jawo tsofaffin magoya baya ku zauna can. In ka zo, za su zo.

Allah ya ƙara girma.
Autarka

Auta,

Na samu takardarki. Ƙafa tana nan yadda kika bar ta.

Wato karatun tallan da muka tura ki, abin da aka koya miki ke nan: a shanya tsofaffi a rana kamar wanki don masu kallo daga falo su ji daɗi. Muna filin nan tun ba shi da katanga. Lokacin da kowa ya gudu kallon kwando, mu muka zauna ana cin mu muna kiɗa.

Kin kuma san kujerar da ke kusa da tawa a ɓangaren inuwa ta mahaifiyarki ce. Tun da ta rasu ban bar kowa ya zauna a kai ba. Wannan ne ya ƙona min rai, ba ranar ba.

Mun yi shawara da mai gangarmu da sauran tsofaffin magoya baya. Asabar za mu tsaya a bakin ƙofa da gangunanmu, ba za mu shiga ba. Kyamarar ta ɗauki wannan.

Allah ya shirye ki.
Mahaifinki

Baba,

Ina gaisuwa. Maganarku ta kai kunnen mai ƙungiya. Ya ce in kuka tare ƙofa masu gadi za su kore ku, kuma ni ce zan ba su umarni, tunda tsarin nawa ne. Baba, kada ka sa in tsaya gabanka da wannan aikin.

Akwai abin da tsoro ya hana ni faɗa maka. Na roƙi a bar muku kujeru biyun nan. Mai kyamara ya zagaye filin kaf, ya ce babu inda ake ganin wasa kamar nan. A kansu zai kafa ta.

Inna ce ta fara kawo ni filin nan a goye. In ƙungiya ta tashi, wurin ajiye motoci za a mai da shi, har da kujerarta. Ban san abin da za ka yi ba.

Ka yafe min.
Autarka

Auta,

Sannu da aiki. Kin dai gan mu, a layin gaba na ɓangaren rana. An ce masu talabijin sun ba ku lokacin Asabar ɗin.

Rana ta gasa mu, mai ganga har jiri ya kwashe shi. Ƙwallon da aka ci ban gan ta ba. Ina kallon ƙetare ne, inda mai kyamara ya ɗora takalminsa a kan kujerar mahaifiyarki.

Zan zo mako mai zuwa. Ki ce masa ya sauke ƙafarsa. Wayar kuma, ki ɗan ba ni lokaci.

Mahaifinki